Muhawara: Shin ruwan karan dawa da man tsirrai za su iya maye gurbin maganin ciyawa a lambu?

Mai Albasa, Aliero:

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoman rani. Ina roƙon masanan da ke cikin wannan zaure su warware mana wata magana da ta yawaita a bakin mutane a bana, wato cewa ana iya kashe ciyawar lambu da ruwan da aka jiƙa tsirrai a cikinsa, kamar karan dawa ko ganyen darbejiya ko na bishiyar turare, ba sai an sayi maganin kanti ba. Abin da ya sa nake tambaya shi ne kowa ya san albasa ba ta da faɗin ganyen da zai yi wa ƙasa inuwa, saboda haka daga dashe har ta fara ɗaura kai tuji da harkiya da aya-aya ba sa barin ta ta sarara, kuma kuɗin 'yan ƙwadagon da ke cirar ciyawa a fangali ya kai inda ya kai. Maganin kanti kuwa, ban da tsada, hukumar NAFDAC ta sanar da haramta farakwat daga farkon shekarar 2024, wanda da yawa daga cikinmu da shi muke share fili kafin dashe. Idan maganar nan gaskiya ce, muna son a faɗa mana ma'auni, idan kuwa zancen kasuwa ne, gara mu sani tun ba mu yi asarar iri ba.

Malamin Gona, Zariya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar tana da tushe a kimiyya, sai dai an ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Tun a 1937 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Hans Molisch ya rubuta littafi a kan yadda tsiro yake fitar da sinadarai daga saiwarsa ko ganyensa waɗanda ke hana maƙwabcinsa tsirowa ko girma, kuma daga baya an gano irin waɗannan sinadarai da dama. Akwai wata bishiyar gyaɗar Turawa a Amurka wadda masu lambu suka daɗe da sanin cewa tumatir yana yanƙwanewa idan aka shuka shi kusa da ita, saboda wani sinadari da ake kira juglon. Dawarmu ma tana cikin sahun gaba, domin gashin saiwarta yana tsatso da wani abu mai maiƙo da ake kira sogoliyon, wanda ke toshe hanyar da ƙaramin tsiro yake sarrafa hasken rana ya mayar da shi abinci.

Amma ga inda ake samun ruɗani. Wannan sinadari a saiwar dawa mai rai yake fitowa, kuma ba ya narkewa cikin ruwa yadda ya kamata, saboda haka wanda ya jiƙa busasshen kara ba shi yake samu ba, wasu sinadarai ne masu tsami da ba su kai shi ƙarfi ba. Waɗanda suka fi kowa aiki a kan ruwan kara su ne masanan jami'ar noma ta Faisalabad a ƙasar Fakistan. Suna sassara busasshen karan dawar da ta nuna, su zuba ruwa ninki 10 na nauyinsa, su bar shi awa 24, su tace su fesa. Abin da suka samu a gonakin alkama shi ne ciyawa tana raguwa, amma sau da yawa ragin bai kai rabi ba, ba wai ta mutu ƙurmus ba. Alkama kuwa tana da ƙarfin da za ta danne ciyawar da aka raunana, albasa ba ta da shi. Don haka idan ma'auni kake nema ga shi na faɗa, amma ba zan ce ka ajiye fartanya ka dogara da shi ba.

Mai Shagon Magani, Kura:

Allah ya saka wa Malam da alheri da ya faɗi gaskiya. Ni sana'ata ce sayar da maganin feshi, kuma na san za a ce ina kare tuwona, amma a duba abin da zan faɗa a kan kansa. Manomin da ke da eka uku na tumatir a Kadawa ba neman rage ciyawa yake ba, neman ya shiga gona ya tarar da ita fes yake yi. Lita guda ta maganin kanti tana share abin da mutum goma za su wuni suna nomewa. Idan aka ce ya jiƙa kara a durom, ya tace, ya fesa sau biyu ko uku, sannan kuma ya sake ɗauko 'yan ƙwadago, to me ya rage masa? Kuma ina so a daina raba magani gida biyu kamar na kanti daga wata duniya ya faɗo. Maganin da ake fesa wa masara mai suna Callisto, wanda kamfanin Syngenta ya fitar a 2001, asalinsa daga wata bishiyar ado ce 'yar ƙasar Ostareliya, wadda wani ma'aikacin kamfanin magani a Kalifoniya ya lura a 1977 cewa ciyawa ba ta yawan fitowa a gindinta. Ke nan abin da kuke nema yana kan kantata tuntuni.

Ɗalibar Kimiyyar Noma, Kano:

Ranka ya daɗe, labarin da ka kawo haka yake, sai dai akwai ragowarsa. Sinadarin da aka samu a jikin bishiyar yana da rauni, sai an zuba shi da yawan gaske kafin ya yi aiki, shi ya sa masu haɗa magani suka ɗauki fasalinsa kawai suka ƙera wani sabo a ɗakin gwaji wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ke cikin kwalbar ba daga bishiya aka tatso shi ba. Wannan ma shi ne ainihin matsalar da muke tattaunawa: abin da ya sa sinadarin tsiro ya fi sauƙi ga ƙasa da ruwa, wato saurin lalacewa idan rana ta doke shi ko ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suka cinye shi, shi ne kuma abin da ya sa ba ya daɗewa yana aiki. Ba a samun biyun gaba ɗaya cikin sauƙi.

Da izinin Malam, zan ƙara da cewa akwai magungunan da aka tatso daga tsirrai da gaske kuma ake sayar da su a Turai da Amurka. Akwai man kanumfari, da man kirfa, da man ɓawon lemo, da ruwan kal mai ƙarfi, da wani asid mai maiƙo da ake kira felagonik, wanda a Faransa ake sarrafa shi daga man wani tsiro ɗan dangin kabeji ana sayarwa da sunan Beloukha. Dukkansu aiki iri ɗaya suke yi: suna fasa fatar ganye, ruwan jikinsa ya tsiyaye, cikin 'yan sa'o'i a ga ya ƙone, musamman idan ana rana mai zafi. Ba sa bin jijiya su gangara saiwa kamar yadda maganin kanti mai suna gilaifoset ke yi, kuma ba sa tantance ciyawa da shuka, duk koren da suka taɓa za su ƙona shi. Sun fi cin ciyawa mai faɗin ganye wadda ba ta wuce ganye biyu zuwa huɗu ba. Ciyawa mai siririn ganye irin su tuji da gude-gude kuwa, idon da take tofowa daga gare shi yana ƙasa-ƙasa a lulluɓe, saboda haka sai ganyen sama ya ƙone ita kuma ta sake tasowa.

Mai Albasa, Aliero:

To, 'yata, idan haka ne ai aya-aya da kiri-kiri ba su ma san ana yi ba, su kuwa su ne ciwon kaina.

Ɗalibar Kimiyyar Noma, Kano:

Haka ne, Baba. Aya-aya ƙwayoyinta suna jere a ƙarƙashin ƙasa, kowace tana da abincin da za ta sake tofowa da shi, kiri-kiri kuma kowace gaɓa tasa saiwa ce. Feshin da ke ƙona sama kawai ba zai raba ka da su ba, sai dai ya ba ka hutun mako ɗaya ko biyu.

Hajiya Mai Latas, Jos:

Ina gaishe da iyayena da 'yan'uwa. Ina so in jawo hankali kan ɓangaren lafiya, domin na ga ana ɗauka cewa duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa, alhali mu da muka tashi a karkara mun san ba haka ba ne. Ruwan tumfafiya idan ya shiga ido kowa ya san abin da yake yi, 'ya'yan zurma guba ne, kuma makiyayi ba ya barin shanunsa su faɗa wa gyauron dawa saboda ɗanyen tohonta yana iya kashe dabba. Ruwan kal ɗin da muke sa wa abinci yana da ƙarfin kashi 5 cikin 100 ne, wanda ake kashe ciyawa da shi kuwa yakan kai kashi 20, kuma wannan yana iya ƙona fata ya lalata ido. Idan yaron da ake ba wa injin feshi ya goya ba riga ba takalmi aka ce masa wannan na ganye ne, to ɗan tsoron da yake da shi ma zai ajiye.

Duk da haka ni ina goyon bayan a nemi hanyar tsirrai, kuma dalilina ya bambanta da na maza. Latas da karas da kokwamba ɗanyu ake cin su, ba sa ganin wuta. Ruwan da ya fita daga fangalina kuma shi yake gangarawa rafin da mutanen ƙasa da mu suke ɗiba. Sannan abin da ake kira ciyawa a lambu ba duka ne abin zubarwa ba. Zaki-banza da gasaya da lalo da tafasa suna fitowa da kansu a bakin kunya, matan da ke mana cira da su suke komawa gida su yi miya ko kwaɗo, ragowar kuma a ɗaure wa awaki. Ranar da aka yi feshin kanti duk wannan ya haramta, kuma ba kowane mai gona ne yake tunawa ya sanar da su ba. Na taɓa ganin wata dattijuwa tana tsinkar zaki-banza a bakin gonar da aka fesa da safiyar ranar, ganyen yana nan kore shar domin maganin bai fara nuna kansa ba tukuna, da ba a tsayar da ita ba a tukunya zai kwana.

Mai Shagon Magani, Kura:

Hajiya, wannan laifin mai feshi ne, ba na magani ba. Kowace kwalba tana da rubutun kwanakin da za a jira da kayan da za a sa. Gilaifoset tun 1974 ake amfani da shi, kuma Tarayyar Turai da kanta ta sabunta masa izini na shekara 10 a 2023.

Malamin Gona, Zariya:

Gaskiya ne an sabunta, kuma gaskiya ne cewa a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya haddasa cutar, yayin da wasu hukumomin suka ce ba su ga hatsari ba idan an bi ƙa'ida. Wannan jayayya ce da ba za mu ƙare ta a nan ba. Farakwat kuwa babu jayayya a kansa, ƙurɓa kaɗan tana kisa, babu makarinsa, kuma Turai ta daina amfani da shi tun 2007. Rubutun kwalba da ka ambata da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, mai goya injin kuma sau da yawa bai taɓa riƙe kwalbar ba, a murfi ake auna masa. Akwai kuma abin da ya kamata ya dame ka a matsayinka na ɗan kasuwa: a 1996 aka fara samun ciyawar da ta daina jin gilaifoset a Ostareliya, yanzu kuma irinta sun yawaita a ƙasashe da dama. Wanda ya dogara da magani ɗaya shekara da shekaru yana zaɓo wa kansa ciyawar da za ta gagare shi.

Sai dai ina so in karkatar da tattaunawar daga kwalba gaba ɗaya, domin a ganina mun kama hanyar da ba ta fi mana amfani ba. Duk tambayoyin da ake yi a kan abin da za a zuba a injin feshi ne. Man kanumfari ko na kirfa da zai isa eka guda ya fi ƙarfin aljihun duk wanda ke cikin zauren nan, domin da kauri ake haɗa shi kuma sai an jiƙe ganye sharkaf. Inda sinadarin tsiro yake yin aiki da arha shi ne idan aka bar tsiron da kansa ya zuba shi a ƙasa, ko yana raye ko bayan an sare shi an shimfiɗa. A nan ana samun aiki biyu a haɗe: shimfiɗar tana hana ƙwayar ciyawa ganin haske, abin da ke tsatsowa daga jikinta kuma yana raunana wadda ta tsiro. Manoman kayan lambu a Amurka suna shuka wani hatsi ɗan'uwan alkama a lokacin sanyi, su kwantar da shi, su dasa tumatir a cikinsa. A Kenya cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE ta gano cewa wani tsiro ɗan dangin wake mai suna desmodiyum, idan aka shuka shi tsakanin layukan masara, saiwarsa tana fitar da abin da ke hana wuta-wuta kama saiwar masarar. A kudancin Jamhuriyar Benin kuma manoma sun ƙwato gonakin da tofa ta cinye ta hanyar shuka wani nau'in ƙarara marar ƙaiƙayi, wanda ke lulluɓe fili ruf. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka zuba a kwalba.

Dattijon Fadama, Galmi:

Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Malam ya yi magana mai kyau, amma ina da tambaya a kan kara. A wajenmu kara ba shara ba ne. Da shi ake darni, da shi ake hura wuta, kuma idan rani ya yi nisa damin kara kuɗi ne a hannu, domin masu dabbobi har gida suke biyo shi. Mutumin da zai kwashe karan gonarsa ya shimfiɗa a ƙasa don ciyawa, matarsa da awakinsa za su tambaye shi dalili. Na biyu, gara tana son busasshen kara, idan ka tara mata shi a fangali ka kira ta. Na uku, albasa sahu-sahu muke dasa ta, tazarar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, ina za a cusa kara a wannan tsakani?

Abin da na gani da idona shi ne filin da aka yi dawa mai kauri a damina yakan fi tsafta idan aka zo noman rani, fiye da wanda aka bari saura ciyawa ta zubar da 'ya'ya. Ko sinadari ne ko inuwa ce, ku masana ku ne za ku faɗa. Na kuma ga cewa wajen da aka shuka dankali ya yaɗu, aya-aya takan yi sanyi a shekara mai zuwa.

Malamin Gona, Zariya:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Duka ukun da ka kawo haka suke, kuma ba ni da amsar da za ta kawar da na farko, domin lissafi ne da kowane gida zai yi wa kansa. Abin da zan ce shi ne saiwar dawa, inda sinadarin ya fi yawa, tana nan cikin ƙasa ko da an kwashe karan, saboda haka wanda ya juya filin lambunsa da dawa a damina ya sami wani kaso ba tare da ya hana dabba abinci ba. Abin da ka gani na tsaftar fili, inuwa da sinadari ne suka haɗu, kuma masu bincike da kansu suna shan wahala wajen raba su a gona. Na dankali ma an yi aiki a kansa a Amurka, an ga cewa ɓawon saiwar wasu nau'o'insa yana ɗauke da abin da ke danne 'yar'uwar aya-aya. Abin dariya shi ne ciyawar da suke yaƙa ɗin ita ce ayar da muke nomawa muna kunu da ita.

Ga albasa, abin da zai shiga tsakanin sahu shi ne buntun shinkafa, wanda yake jibge a bayan injinan casa ana cinna masa wuta. A barbaɗa shi bayan dashe ya kama, da kaurin da zai rufe ƙasa. Sai dai a kula da abu biyu: yana iya zuwa da 'ya'yan shinkafa da na ciyawa a cikinsa, kuma ruwa mai ƙarfi yana kwashe shi ya tara a kusurwar fangali, don haka sai an sassauta bakin ruwa. Kara kuma ya fi dacewa da tumatir da tattasai da kankana, masu tazara.

Akwai gargaɗin da dole in yi. Sinadarin dawa bai san cewa latas ɗin Hajiya ba ciyawa ba ne. Ƙananan iri irin su latas da karas su ne suka fi jin sa, kuma a Kalifoniya an gwada dasa tumatir da latas a cikin sabuwar sarar wani nau'in dawa, shukar ta tsumbure, wasu suka mutu. Shawarar da aka bayar ita ce a jira mako 6 zuwa 8, ana ba filin ruwa, kafin a dasa. Tsohon karan da ya sha rana ya fi ɗanye sauƙi ta wannan fuska.

Matashin Manomi, Haɗeja:

Malam, ba a taɓo maganar turare da darbejiya ba, su kuma su ne aka fi yaɗawa. Mu a nan muna ganin ƙarƙashin layin turare fayau yake, ko ciyawa ɗaya babu. Me zai hana mu tara ganyen mu zuba a lambu?

Ɗalibar Kimiyyar Noma, Kano:

Yaya, ganyen turare yana da mai mai ƙamshi wanda aka tabbatar yana hana iri tsirowa, amma fayau ɗin da kake gani ba aikinsa ba ne shi kaɗai, bishiyar tana shanye ruwan wajen kuma tana yin inuwa. Idan ka kwaso ganyen ka zuba a fangali, abin da ya hana ciyawa tsirowa zai hana karas ɗinka ma, kuma ganyen yana daɗewa bai ruɓe ba, saboda haka ba abu ne da za ka janye cikin sauƙi idan ka ga ɓarna ba. Ni da zan ba da shawara, a kan hanyoyin da ake bi tsakanin fangali da bakin shinge za a gwada shi, inda ba a son komai ya fito. Darbejiya kuwa ƙarfinta a kan ƙwari yake, tunkuzar 'ya'yanta kuma taki ce mai kyau da ke rage tsutsar saiwa. A gwajin faranti, wato inda ake tsirar da iri a cikin faranti a ɗakin gwaji, ruwan ganyenta yakan rage tsirowar iri, amma faranti ba gona ba ce, domin a gona ƙasa tana riƙe sinadarin, ruwan ban-ruwa yana wanke shi. Yawancin labaran da ake turowa a waya daga irin wannan gwajin faranti aka ɗauko su.

Mai Shagon Magani, Kura:

To ga wata shawara da za ta haɗa mu. Na ji cewa mutanen Fakistan ɗin nan da Malam ya ambata sun fi samun nasara idan suka haɗa ruwan kara da rabin ma'aunin maganin kanti. Idan haka ne, manomi ya rage kuɗi, ya rage guba, ni ma ban rufe shago ba.

Malamin Gona, Zariya:

Sun yi hakan, kuma sun ba da rahoton sakamako mai kyau a alkama da auduga da masara. Amma ni ina ɗari-ɗari da shi a wajenmu. Binciken da aka yi a Ostareliya ya nuna cewa ba wa ciyawa ma'aunin da bai kai ya kashe ta ba yana gaggauta fitowar wadda ba ta jin magani, domin masu ɗan ƙarfi suna tsira su haihu. A tashar bincike an san ƙarfin ruwan karan da aka haɗa. A gida kuwa, karan kaura daban, na farfara daban, wanda ya sha ruwan sama a gona daban da wanda aka adana a rumfa. Idan ruwan ya zo da rauni, abin da ya rage shi ne rabin magani tsura. Manomanmu dama da yawa suna rage ma'auni saboda tsada, ban so mu ba su hujja.

Inda nake ganin feshin tsirrai zai yi wa Alhaji amfani shi ne kafin shuka. A gyara fangali kamar za a dasa, a ba shi ruwa, a bar shi kwana 10 zuwa 14. Ƙwayar ciyawar da ke sama-sama za ta tsiro gaba ɗaya tana siririya kamar zare. A wannan lokacin ko ruwan kal mai ƙarfi, ko wucewa da fartanya sama-sama, zai gama da ita, sannan a dasa ba tare da an sake juya ƙasa ba, domin juyawa tana tono sabbin ƙwayoyi daga ƙasa. Wannan shi ne gurbin da farakwat yake cikewa, kuma a nan raunin maganin tsirrai ya zama alheri, domin ba ya barin komai a ƙasa da zai taɓa dashen da za a sa washegari. Karas, da yake yana jinkirin tsirowa, ana iya ma shuka shi a ƙone ciyawar da ta riga shi fitowa kwana ɗaya ko biyu kafin ya huda ƙasa, amma wannan sai mai sa ido sosai.

Hajiya Mai Latas, Jos:

Wannan dabarar muna yin irinta da hannu a wajen renon iri, kuma tana rage cira ta farko sosai. Matsalarta ita ce kuɗin man injin ban-ruwa na mako biyun da babu shuka a ƙasa, da kuma jinkirin da zai iya sa mutum ya rasa kasuwar farko. Wanda ke ɗibar ruwa daga madatsa zai fi jin daɗinta fiye da mai rijiya.

Mai Albasa, Aliero:

Na gode wa kowa. Abin da na yanke shi ne zan ware fangali kaɗan a gefe in gwada buntu da kuma wannan ban-ruwa kafin dashe, sauran in ci gaba yadda na saba. Malam, yaya zan tsara gwajin don kada in yaudari kaina?

Malamin Gona, Zariya:

Ka zaɓi fangali masu ƙasa iri ɗaya da ruwa iri ɗaya, kada ka sa gwaji a gefen da ka san dama ya fi tsafta. Ka raba su huɗu: na buntu kaɗai, na ban-ruwa kafin dashe kaɗai, na biyun a haɗe, da wanda ba a yi masa komai ba sai cirar da ka saba. Kowane iri ya zama aƙalla fangali uku a warwatse, ba a jere ba. Iri ɗaya, taki ɗaya, ranar dashe ɗaya, wanda ke nufin masu ban-ruwan farko za ka fara shirya su mako biyu kafin sauran. Duk lokacin da aka yi cira ka rubuta tsawon lokacin da kowane fangali ya ci da irin ciyawar da ta fi yawa, domin ina sa ran tuji da harkiya za su ragu, aya-aya kuwa za ta huda buntun ta fito. A ƙarshe ka auna albasar kowane fangali daban, kuma ka ajiye kaɗan daga kowanne a rumbu, saboda buntu yana riƙe danshi a wuyan albasa, kuma ya kamata mu san ko hakan zai shafi daɗewarta a ajiya. Ka janye shi daga gindi idan ta kusa nuna.

Dattijon Fadama, Galmi:

A ƙara da lura da gara da kuma ɓera, domin buntun da ke da ragowar tsaki yana jawo shi. Alhaji ya nemi wanda ya kwana biyu a jibge, kada ya ɗauko na bakin inji.